Makulli Ɗaya

A shekarar da Inna ta rasu ni ce na koma gidanmu na Kusfa na zauna da Baba. Ba zama aka yi aka zaɓe ni ba. Yayyena biyu ne, duka maza, babban yana Abuja, mai bi masa yana Kaduna, kowa da aikinsa da iyalinsa. Ni kuwa makarantar da nake koyarwa tana nan Tudun Wada, maigidana ya riga Inna tafiya da shekara uku, 'ya'yana suna makarantar kwana. Da aka share makoki kowa ya ɗaure kayansa, sai aka waiga aka ga ni kaɗai ce ban ɗaure nawa ba. Shi ke nan maganar ta ƙare.

Ba zan ce ina cikin baƙin ciki a watannin nan ba, don baƙin ciki abu ne da mutum ke ji a jikinsa. Ni ba na jin komai. In tashi, in ɗora ruwa, in dama wa Baba koko, in tafi aiki, in dawo in ɗora tukunya. Idan aka yi dariya a ofishin malamai nakan buɗe baki tare da kowa. Mata suna zuwa gaisuwa suna yaba haƙurina, ni kuma ina amsawa da godiya, alhali na san ba haƙuri ba ne. Na faɗi wannan tun da wuri ne don a san halin da nake ciki lokacin da na yi abin da na yi, ba don in wanke kaina ba.

Baba direba ne. Ya yi shekara talatin da 'yan kai yana tuƙa manyan ma'aikatan gwamnati, daga wannan ma'aikata zuwa waccan, har ya yi ritaya bai taɓa buge ko kaza ba. Bayan ritaya yayyena suka haɗu suka saya masa mota 'yar Kwatano, mai ruwan toka. Ya fasa tsohon zauren gidanmu ya mai da shi gareji. Lungunmu kuwa in jaki biyu suka haɗu a ciki sai ɗaya ya ja baya, amma Baba yakan naɗe madubin gefe ya shigar da motar nan da baya, karo ɗaya, ba gyara. Shi ya koya mini tuƙi tun ina budurwa, ana ta surutu a unguwa bai ko waiga ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini.

Matsalar ita ce idonsa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ganin gefe ya riga ya tafi kuma ba ya dawowa, abin da ya rage kamar mai leƙe ne ta cikin bututu. Baba ya saurara, ya yi godiya, muka fito, ya karɓi makulli ya tuƙo mu gida.

Da farko katangar maƙwabta ya fara gogewa. Daga baya ya ture teburin mai tumatir a bakin kasuwa. Na ukun ina zaune a gefensa. Wata tsohuwa ce ɗauke da ƙullin itace tana tafiya a gefen titi kusa da Ƙofar Kuyambana, madubin motar ya ɗebi gefen mayafinta ya juya ta, ta zauna daɓas a ƙasa. Allah Ya tsare ba ta ji ciwo ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Baba bai tsaya ba. Ya ci gaba da tafiya a natse, sai da ya ji hayaniya a baya ya ce, "Uwata, me ya faru ne mutane ke ihu?"

Ranar na kira yayyena. Su biyun gwanaye ne wajen mulki ta waya. Babban ya ce dole Baba ya daina tuƙi, yau ɗin nan ba gobe ba. Na Kaduna ya ce wannan haka yake. Na ce to, wa zai gaya masa?

A gidanmu ba a ce wa Baba kada ka yi. Ba don yana da faɗa ba, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Haka dai muka tashi muka tarar. Ita kanta Inna, in tana son ya sauya wata shawara, sai ta aika wa amininsa, shi kuma ya zo bayan la'asar su zauna a tabarma su kewaya duniya, maganar ta faɗo kamar da tsautsayi. Aminin nan ya rasu, Inna ta bi shi. Na je Limancin Kona wajen Goggo, ƙanwar Baba, na zayyana mata komai. Ta kama haɓa ta ce, "Ni in dubi idon Yaya in ce masa ya tsufa? Ku da kuka yi boko ku nemo dabara." Na sha ruwa na dawo.

Muna cikin wannan jan ƙafa damina ta sauka, motar ta fara gardama da kanta.

Da safe takan tashi lafiya lau. In ta yi zafi sai silo, wato juyin inji ba a taka mai ba, ya fara hawa yana sauka kamar mai haki, ta yi baƙin hayaƙi, ta mutu a tsakiyar titi. A bar ta rabin awa ta huce, ta tashi kamar ba ita ba. Baba ya kai ta wajen tsohon bakanikensa, wanda suka san juna tun zamanin kafireta. Suka sauya fulogi, suka wanke nozul, suka sauya famfon mai. Kowane gyara yakan yi kwana biyu, a na uku a koma gidan jiya. Daga ƙarshe bakaniken ya goge hannunsa ya ce, "Alhaji, wannan ba ciwon ƙarfe ba ne. A kai ta wajen rewaya ya sa mata kwamfuta."

Rewaya shi ne mai gyaran wayoyin mota. Wanda aka kwatanta mana yana bayan Ƙofar Doka, a wata rumfar kwano, mutum ne siriri mai tabarau, ba ya son yawan magana. Ranar farko tare muka je da Baba. Ya jona wata na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana kallonta, sannan ya zagaya ɓangaren fasinja ya durƙusa ya ɗaga kafet. Kafet ɗin sharkaf yake. Ashe robar gilashin gaba ta saki, duk ruwan da aka yi sai ya bi ta ciki yana ɗiga a kan wani akwatin ƙarfe mai girman littafi. Ya kwance akwatin ya buɗe. Cikinsa ya yi tsatsa kore-kore, yana warin ƙonanniyar roba.

Ya ce, "Ga mai laifin. Birenbos ke nan, ƙwaƙwalwar motar. Ita ke faɗa wa inji yawan man da zai sha da lokacin da wuta za ta kama. In ta rikice, ko sabon inji aka sa aikin banza ne."

Baba ya karɓi akwatin ya jujjuya, ya shinshina, ya shafa cikinsa da babban yatsa. Ya ce, "A zamaninmu direba ne ƙwaƙwalwar mota."

Rewaya ya ce, "Haka ne, Alhaji."

Ya gwada ceto ta. Ya wanke da fetur da buroshin haƙori, ya shanya a rana, ya ɗiga dalma a wurare biyu. Motar ta yi kwana tara tana aiki, a na goma ta mutu a gaban gidan man Tudun Wada, ba ta ƙara tashi ba. Aka jawo ta zuwa rumfarsa. Ya ce sai dai a sauya ƙwaƙwalwar, kuma ba kowace ake sawa ba, dole lambar da ke jikin sabuwar ta zo daidai da ta tsohuwar. Ya ɗauki hoton lambar ya tura wa masu kayan gyara a Kaduna. Ta farko da aka aiko harafi ɗaya ya bambanta, ya mayar. Muka yi sati biyu muna jira. Kullum da yamma Baba zai tambaye ni, "An samu?" in ce ba a samu ba tukuna.

Ranar da ta biyun ta iso, Baba yana fama da gwiwa, bai iya fita ba. Motar makullinta biyu, ɗaya a hannuna, ɗaya nasa, mai tsohuwar fata a jikin zoben. Ya ciro nasa daga aljihu ya miƙo mini ya ce, "Ko za a buƙata. Ki dawo mini da shi." Na jefa a jaka na tari Keke.

Sabon akwatin a cikin kwalin taliya ya zo, an naɗe shi da tsumma. Na zauna a benci ina kallon rewaya yana aiki. Ya cire kan batir, ya durƙusa, ya ɗaure akwatin a mazauninsa, ya tura manyan filogan wayoyi guda uku har kowanne ya yi ƙara. Ya mayar da batir, ya jona na'urarsa, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Malama, makulli nawa za a haɗa?"

Na ce ban gane ba.

Ya yi mini bayani a taƙaice. A cikin baƙin kan kowane makulli akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa. Akwatin nan sai ya san ƙwayar kafin ya saki mai. Tsohon akwatin ya san makullanmu, wannan baƙo ne, sai an gabatar masa da su ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye shi, wanda ba a gabatar ba fa? Ya ce zai buɗe ƙofa, zai murɗa, inji ma zai yi ta juyi, amma ba zai kama ba ko za a kwana ana yi. Sai dai wata 'yar jar fitila mai siffar makulli ta riƙa ƙyaftawa a allon gaban direba.

Ban zo da wannan niyya ba. Ba wanda ya kitsa mini, yayyena ma ba su san ana haka ba. Hannuna yana cikin jaka, yatsuna suna taɓa makullan biyu, ina jin fatar na Baba. Na ciro nawa na miƙa.

Ya ce, "Na Alhaji fa?"

Na ce, "Ɗaya za a haɗa."

Ya dube ni na ɗan lokaci, ya karɓa, bai ƙara tambaya ba. Na tuna ina kallon wata akuya tana cin kwalin taliyar nan, ina tunanin ko akwai sauran daddawa a gida.

Motar ta tashi da murɗawa ɗaya. Ya bar ta ta yi zafi sosai, silo bai motsa ba. Ya liƙe gilashin da baƙin gam, ya ce in riƙa tada ta ko sau ɗaya a sati in ba fita ake da ita ba, don zama na kashe mota.

Tun da aka sayi motar nan ban taɓa jin daɗin tuƙa ta kamar ranar ba. Na shigo gari tana tafiya sumul. Da na iso bakin lungunmu, wajen mai injin niƙa, na kashe ta. Na sauko na roƙi mutanen da ke zaune a majalisar gindin dalbejiya su taimaka su tura, na ce ta mutu. Mutum uku suka tashi.

Baba ya ji hayaniya ya fito yana ɗingishi. Na ce masa an sa sabon akwatin, ta tashi a can, a hanya ta sake mutuwa, rewaya ya ce akwai wata waya da sai an nemo daga Legas. Maganar ta fito a jere kamar na haddace ta. Ya ce, "To, Allah Ya sa a dace. Gara da kika kawo ta gida, mota ba ta kwana a hannun mutane." Ya sa na fito, ya shiga ya zauna, ya naɗe madubi, ya ce su tura ta baya. Suka tura, yana juya sitiyari da tafin hannu ɗaya. Ta shige garejin karo ɗaya, ko fenti bai taɓa bango ba. Ya fito ya miƙo hannu, na sa masa makullinsa.

Da na gaya wa yayyena, babban ya yi dariya ya ce ashe ƙanwar tasu 'yar siyasa ce. Na Kaduna ya ce Allah Ya yi mini albarka, an huta. Na ce amin.

Na ɗauka Baba zai gwada kwana biyu ya haƙura. Ban san mahaifina ba ke nan.

Kullum in ya dawo daga masallacin asuba ya gama lazimi, gari ya fara haske, sai in ji ƙarar ƙofar gareji. Daga nan sai kukan inji yana juyi ba ya kamawa. Sau uku yake murɗawa, ba ya ƙarawa, ya ce fiye da haka zaluntar batir ne. Sai ya buɗe bonet. Yakan kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya da lalube, ya shinshina, ya goge, ya jera su a kan tsumma yadda ya ciro su. Ya bi kowace waya da yatsa daga farkonta har ƙarshe. Ya cire bututun mai ya duba ko yana zuwa. In na kawo masa koko sai in same shi ya kifa rabin jikinsa a cikin inji, hularsa a kan batir.

Wata safiya ya ce, "Uwata, zo ki murɗa mini in saurara."

Ya ba ni makullinsa. Na zauna a kujerar direba, nawa makullin yana ɗaure a bakin zanena. Ya kara kunnensa kusa da inji ya ce in murɗa. Na murɗa. Jar fitilar nan ta fara ƙyaftawa a gabana, ƙyaf, ƙyaf.

Ya ce, "Me kike gani a allon?"

Na ce, "Ba komai, Baba."

Ya ce, "Sake."

Na sake. Haka muka riƙa yi kusan kowace safiya kafin in tafi aiki. In batir ya yi sanyi ya ba maƙwabcinmu mai babur ya kai caji ya dawo da shi.

A sati na uku ya aika aka kira tsohon bakanikensa. Mutumin ya zo da jakar sifanu, ya zauna a kujerar direba ya murɗa sau ɗaya. Na ga idonsa ya sauka a kan fitilar. Ya ɗago ya dube ni ina tsaye a bakin ƙofa da butar shayi. Na dube shi. Ya sunkuyar da kai, ya fito, ya ɗan taɓa nan ya taɓa can, ya ce, "Alhaji, motocin zamani sai haƙuri. A jira wayar nan ta Legas." Da zai tafi na raka shi waje, ya ce mini a hankali, "Kin kyauta, 'yata. Mu ma muna tsoron abin da zai faru." Kafin sati ya zagayo duk lungun ya sani. Masu tura motar sun sani, mai niƙa ya sani, Goggo ta aiko a ce mini ta ji dabara, Allah Ya ƙara basira. In Baba ya zauna a majalisa yana ba da labarin abin da ya gwada yau, sai kowa ya gyaɗa kai, wani ma ya kawo shawara, a ce ko a duba fis. Duk don a girmama shi ake yi.

Baba mutum ne da in mota ta wuce ta bakin lungu zai ce wannan bel ɗinta ya saki, waccan tana cin mai, kuma a bincika a tarar haka ne. Mutane har kawo masa motoci suke ya saurara kafin su je gareji. A makonnin nan ya daina. Wani malamin makaranta ya kawo tasa, Baba ya ce ya kai wa masu kwamfuta, shi yanzu ba ya son ya ɓatar da mutum. Ya fara ƙara wa rediyo murya. Sai ya tambaye ni ko an kira salla, alhali lasifikar masallacin a bayan ɗakinsa take. In na yi magana sai ya ce in maimaita, in na fara maimaitawa kuma ya ƙarasa mini, wato ya ji tun farko. Abincinsa ya ragu. Na lura da duk wannan yadda nake lura da kwanon da ya tsage, na ce tsufa ne da rashin Inna.

Ni kuma ina bin umarnin rewaya. Ranar Juma'a, in maƙwabcinmu ya ɗauki Baba a babur sun tafi masallaci, lungu ya zama ba namiji ko ɗaya, sai in shiga gareji in sakaya ƙofa, in kwance makullina in tada motar. Minti goma nake ba ta. In kashe, in buɗe ƙofa hayaƙi ya fita, in ɗora abincin rana. Na yi haka sau shida.

Juma'a ta bakwai hadari ya haɗo tun hantsi. Suka fita da wuri. Na ba su ɗan lokaci, na shiga na tada ta, na jingina kaina da kujera na rufe ido. Ba tunanin komai nake ba. Wurin nan ne kaɗai a gidan da ba kayan Inna a ciki, shi ya sa nake son zaman.

Da na buɗe ido sai na ga haske ya ƙaru a garejin. An buɗe ƙofa. Baba ne tsaye cikin farar babbar riga, dardumarsa a kafaɗa, yayyafi ya ɗiɗɗiga masa a hula. Daga baya na ji cewa tayar babur ɗin ce ta sace a bakin titi, ya ce bari ya dawo ya ɗauki lema kafin a yi faci.

Ban kashe motar ba. Hannuna bai ma je wajen makullin ba.

Ya tako a hankali yana dafa bango, ya zo ya ɗora tafinsa a kan bonet. Ya karkatar da kai. Ya daɗe a haka.

Ya ce, "Taka mata kaɗan."

Na taka totur.

"Saki."

Na saki. Injin ya sauko ya zauna daram.

Ya ce, "Mutumin nan ya iya aiki." Ya zagayo ta tagar da nake, ya tsaya, ba ni yake kallo ba, saman motar yake kallo. "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun ranar da aka turo ta."

"Makullin ne?"

"Eh, Baba. Naka ba a haɗa shi da sabon akwatin ba. Ni na ce kada a haɗa."

Ya gyaɗa kai kamar an faɗa masa farashin gero. Ya tambaya ko yayyena sun sani, na ce sun sani. Bakanike fa? Na ce shi ma. Bai tambayi sauran ba, ina jin ya ƙirga da kansa.

Na fara cewa saboda tsohuwar nan ce ta Ƙofar Kuyambana, da abin da likita ya faɗa. Ya ɗaga hannu kaɗan, na yi shiru.

Ya ce, "Tun ranar tsohuwar nan na san na gama fita da mota. Da na tuƙa bayan nan, kin ga na wuce inda za a gyara ta? Jira nake a gama gyara in damƙa miki, in ce ki riƙa kai ni. In riƙa ɗumama miki ita da safe. Ba wanda ya tambaye ni."

Na tuna baya da sauri, na ga gaskiya ne. Tun daga ranar bai je ko'ina da ita ba sai wajen bakanike da gidan mai, kuma kullum sai ya ce in zauna a gefensa.

Ya ce, "Ido na san ya tafi, Uwata, na karɓa. Amma sati bakwai ina jin injin nan da kunnena, kunnena yana gaya mini lafiyarsa ƙalau, mai ne kawai ba a sakar masa. In duba in rasa dalili. Kowa ya ce mini waya ce. Sai na ce to, ashe kunnen ma ya bi idon, kan ma ya fara tafiya. Har na fara tunanin wa zan ba ajiyar mutane da ke hannuna tun ina gane su."

Bai ɗaga murya ba. Na zare makullin, injin ya mutu, garejin ya yi tsit sai ƙarar yayyafi a kwano. Na fito na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Ya ce in riƙe, ai nawa ne. Ya shiga ciki ya ɗauko lemarsa, ya wuce ni ya tafi masallaci.

Na daɗe a durƙushe a wurin. Abin da ya fara dawo mini tun rasuwar Inna ba kuka ba ne, kunya ce, mai zafi, tun daga wuya har tafin ƙafa. Wata takwas ina jiran in ji wani abu, da ya tashi zuwa wannan ne ya zo.

Washegari na ɗauki makullinsa daga kan taga na kai wa rewaya tare da motar ya haɗa. Na dawo na gaya masa yanzu nasa ma yana tayarwa. Ya ce madalla, Allah Ya yi albarka, in ajiye a inda na ɗauka. Na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe tun a masallaci, kuma na san da gaske yake. Yayyena suka zo ƙarshen wata suka durƙusa, su ma ya ce ba komai. Amma bai ƙara shiga garejin nan ba, majalisar gindin dalbejiya ma sai dai ya yi sallama ya wuce.

Ni nake kai shi ko'ina yanzu, asibitin ido, gidan Goggo, wajen tantance 'yan fansho. Yana zama a gefena, hannuwansa a kan cinya. Mutumin da a da ba zan yi tafiyar minti biyu ba sai ya ce na daɗe a kan kuloci, ko na makara wajen sauya giya, yanzu ko na faɗa rami, ko giyar ta yi ƙara, ba ya cewa uffan. Wani lokaci da gangan nake yi.